Lissafin motsin tankin ruwa a girgizar ƙasa da kwamfuta

Kebbi ba ta saba da girgizar ƙasa ba, amma rawar da ƙasa ta yi a Mpape, Abuja, a 2018 ta isa ta sa mai zanen gini ya koyi wannan lissafin.

Fara da abu mai sauƙi: tankin ruwa mai lita 50,000 a kan hasumiyar kankare, irin na unguwannin Birnin Kebbi. Ruwan kaɗai tan 50 ne, ka ɗora nauyin tankin a kai, ka ɗauke su a matsayin nauyi guda bisa sanda guda. Manhajar OpenSees, mai kwaikwayon motsin gini a kwamfuta, ta isa, kuma kyauta ce.

Wahalar biyu ce. Kankare in ya tsage, rodi kuma ya lanƙwasa, ba sa komawa yadda suke, don haka lissafin miƙaƙƙen layi, mai ɗauka cewa gini na komawa yadda yake, zai yaudare ka. Sa tsarin Bouc-Wen, mai tuna lanƙwasar baya. Ta biyu, girgiza ba ta maimaita kanta, rikodin girgiza ɗaya ba ya wadatarwa. Ƙirƙiro girgiza da matatar Kanai-Tajimi, lissafin da ke kwaikwayon yanayin ƙasa: ga ƙasa mai tauri ana yawan sa saurin kaɗawar ƙasa 15.6 rad/s da ma'aunin lafawar kaɗawar 0.6. A fadamar Rima, inda ƙasa take da laushi, rage lambar farko. Ƙara matatar Clough-Penzien, mai tace kaɗawa mai jinkiri sosai, in ba haka ba ƙasar za ta yi ta zamewa a lissafin har abin ya fita hankali.

Warware da hanyar Newmark, mai bin motsin taki-taki: sa ma'aunanta gamma 0.5, beta 0.25, taki daƙiƙa 0.01. In lissafin ya cije, raba takin biyu kafin ka taɓa wani abu.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kashe motsi, wato yadda kaɗawar gini take lafawa. Ana sa kashi 5 cikin ɗari ta tsarin Rayleigh, mai dogaro da nauyi da taurin gini, amma in ka ɗaura shi da taurin farko na ginin, bayan tsagewa zai haifar da ƙarfin ƙarya, tankin ya fito lafiya lau alhali ba haka ba ne. Ɗaura shi da taurin da ginin yake da shi a lokacin.

Sai maimaitawa, wato Monte Carlo. In haɗarin da kake nema 1 cikin 100 ne, kuma kana son kuskure kada ya wuce kashi 10, kana buƙatar gwaji kusan 10,000. Ajiye iyakar karkatar saman tankin a kowane gwaji, kuma ka sa manhajar ta riƙa adanawa lokaci-lokaci, don wuta na iya ɗaukewa a gwaji na 7,000.