Darasi na 7: Zogale Abinci ne ko Magani?

Duk wanda ya zaga Kasuwar Bacci ko Kasuwar Kawo a Kaduna da safe zai ga tulin zogale, rama, alayyahu da garin kuka. Can gefe kuma ga mai lasifika yana rantsuwa cewa garinsa shi kaɗai yana kawar da hawan jini, ciwon suga, basir da shawara. A darasin yau za mu tantance abin da ganyen nan ke yi wa jiki da abin da ba ya yi.

Ganyen zogale yana da sinadarin ƙara jini, da bitamin A mai taimakon ido, da abin gina jiki. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa abinci ne mai kyau, musamman ga mai shayarwa. Matsalar tana wajen sarrafawa. Da yawanmu muna dafa shi har ya yi baƙi, mu tsiyaye ruwan mu zubar, wasu ma har da kanwa don ya yi saurin laushi. To, rabin amfanin ya bi rariya ke nan. A dafa shi da ruwa kaɗan, a sauke da sauran korensa. In za a yi gari, a shanya ganyen a inuwa, domin zafin rana yana cinye bitamin ɗin. Mai ciki ta ci ganyen, amma ta bar saiwa da ɓawon itacen.

A wani aji wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, maigidana ya ajiye ƙwayar hawan jininsa ya koma shan zogale da zobo. Ya yi daidai?"

Malama ta ce, "A'a, Hajiya. Zobo yana ɗan sassauta hawan jini, amma bai kai ya tsaya a madadin maganin likita ba. Ki lallashe shi ya koma asibiti a auna shi. Zobon ma, nawa kike zuba masa sukari?"

Hajiya ta yi dariya, ajin ma ya ɗauka.

Citta kuwa tamu ce, don Kachia, Jaba da Kagarko sun yi suna wajen nomanta. Tana kwantar da tashin zuciya, tana ɗumama jiki lokacin hunturu. 

Abin da ya fi damuna shi ne abincin yara. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla ake ba jariri, ko ruwa ba ya bukata. Zuma kuma, duk da darajarta a wurinmu, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Bayan wata 6 sai a fara kunu, ana ci gaba da shayarwa. Sai dai koko tsararo cika ciki kawai yake yi. Ga haɗin da ya fi shi: gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. A tsince, a zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a kai inji. A dama shi da kauri, a sa ƙaramin cokali na manja ko ɗan garin zogale.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. A rage shi, a ƙara daddawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake shanya zogale a inuwa?
2. Wace shawara Malama ta ba Hajiya?
3. In ka auna gero gwangwani 12, nawa za ka sa na waken suya da na gyaɗa?

Aikin gida

Rubuta duk abin da aka ci a gidanku jiya, daga kalaci zuwa tuwon dare. Ja layi a ƙarƙashin kowane ganye, wake, kifi ko ƙwai da ka samu a ciki, ka zo da takardar aji mai zuwa.