Bi Jirgin, Za Ka Iske Gidan Kyaftin

Da na fara bin diddigin wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai tururi na kogin Misisipi, sunansa na riƙe na yi ta lalube. Wata biyu ban samu komai ba sai takwarorinsa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan ruwa ba ya barin sawu da yawa a tudu. Fara da sunan jirginsa.

A Amurka ta ƙarni na 19, jirgin kasuwanci sai an yi masa rajista a ofishin kwastan na tasharsa, kamar New Orleans ko St. Louis ko Pittsburgh. Takardar tana ɗauke da sunan kyaftin da na masu jirgin, kuma ana sake ta idan jirgin ya sauya hannu. Takardun suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Amurka, rukuni na 41. Ka tsaya a kan jerin masu hannun jari, ka karanta shi a tsanake. Sau da yawa kyaftin yana da kaso, sauran kuwa dangi ne: wa, ƙane, suruki. A irin wannan jeri na fara ganin sunan gidan su matar mutumin da nake nema.

Rubuta shekara kusa da sunan kowane jirgi. Jiragen nan ba sa tsufa, yawanci shekara huɗu zuwa biyar kututturen da ke ɓoye a ruwa ko gobara ko fashewar tukunyar tururi ta gama da su. Gobarar St. Louis ta 1849 kaɗai ta cinye 23. Sai a ƙera sabo a maida masa tsohon suna. Kyaftin Thomas Leathers ya yi jirage bi da bi, duk sunansu Natchez.

Kada ka haɗa kyaftin da matuƙi. Matuƙi ne ya san hanyar ruwa, shi ke riƙe da sitiyari. Kyaftin shi ke da kaya da fasinja da ma'aikata da bashi. Dokar 1852 ta wajabta lasisi ga matuƙa da injiniyoyi, kyaftin kuwa sai 1871. Idan naka ya bar kogi kafin nan, kada ka ɓata lokaci neman lasisinsa, sai fa in ya taɓa tuƙi.

Yanzu sai ka hau tudu. Ƙidayar jama'a ta 1850 ce ta fara rubuta sunan duk wanda ba bawa ba a gida, amma ba ta faɗi wa ke mene ne ga wa ba, sai ta 1880. Ta 1890 kuwa wuta ta ci mafi yawanta a 1921. A jihohin Kudu duba jerin bayi na 1850 da 1860. Abin takaici, sunan ubangida kawai ake rubutawa, bawa sai shekaru da jinsi da launi.

Kada ka ɗauka matar kyaftin tana gida tana jira kawai. Mary Miller ta karɓi lasisin kyaftin a 1884, ta riƙe jirgin mijinta mai suna Saline. Kuma idan jirgi yana da sunan mace, nemi wannan suna cikin 'ya'yan masu shi.

Jaridun garuruwan bakin kogi suna da shafin labaran kogi kusan kullum: wa ya iso, wa ya tashi, ruwa ya ƙaru ko ya ja. Gajiya ce karanta su, amma nan na tsinci layi biyu cewa kyaftin ɗina ya miƙa jirgi ga mataimakinsa na tafiya guda, ya sauka zuwa jana'izar ɗansa. Yaron bai rayu har wata ƙidaya ta same shi ba.