Yadda ɗalibi a Yamai zai kama hanyar bincike kan sankarar jini

Ɗalibin da ke karatun likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, wanda yake son ya shiga bincike kan sankarar jini da garkuwar jiki, zai amfana idan ya fara da duba yadda Jacques Miller ya yi nasa aikin. An haifi Miller a birnin Nice na Faransa a 1931, ya yi karatun likita a Sydney, sannan ya tafi Landan a 1958 domin ya binciki sankarar jini a jikin ɓeraye.

Abu na farko shi ne ka horar da idonka. Ka nemi izinin zama a ɗakin gwajin jini na Babban Asibitin Yamai, ka koyi ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ka ja shi da bakin wani gilashin har ya shimfiɗu siriri, ka bari ya bushe, ka rina shi da rinin Giemsa, sannan ka ƙirga fararen ƙwayoyin jini 100 ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita. Sai idonka ya saba da jinin mai lafiya kafin ka iya gane ƙwayoyin da ba su nuna ba, masu ƙaton ciki, waɗanda ke cika jinin mai sankara. Wannan horo yana da nauyi a wurinmu, domin yaron da ya ɗashe, yake fama da zazzaɓi da ciwon ƙashi, sau da yawa sai an sha ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro kafin wani ya tuna da duba jininsa da kyau.

Daga nan ka zaɓi tambaya guda, ƙarama, wadda kayan aikin da ke hannunka za su iya amsawa. Miller ya san cewa sankarar ɓerayensa tana farawa ne a timus, wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda likitocin zamanin suka ɗauka ba ta da wani amfani. Tambayarsa ita ce me zai faru da cutar idan aka cire wannan tsoka tun ranar haihuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar ka tsaya a kansa. Ɓerayen sun yi ta girma lafiya lau da farko, amma bayan an yaye su sai suka fara ramewa suna mutuwa. Mai gaggawa zai ce gwaji ya lalace, ya zubar ya sake sabo. Miller ya buɗe su ya duba, ya tarar ƙwayoyin limfosit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sun yi ƙaranci ƙwarai a jininsu, sannan ya dasa wa waɗanda ke raye fatar wani jinsin ɓera, fatar ta kama, alhali jiki mai cikakkiyar garkuwa ƙin ta yake yi. A 1961 ya buga sakamakon a mujallar Lancet, ya nuna cewa timus ginshiƙi ne na garkuwar jiki. Saboda haka ka riƙe littafi mai ɗauri, ka rubuta kwanan wata da duk abin da ka gani da alƙalami, musamman abin da ya saɓa wa zatonka, kuma kada ka yage shafi ko da kuskure ne a cikinsa. Ka tabbata kuma kana da rukunin kwatanci, kamar yadda shi ma ya yi wa wasu ɓerayen tiyata ba tare da ya cire musu komai ba, domin kada a ce wuƙar ce ta jawo ciwon.

Idan da mutane za ka yi aiki, sai ka sami amincewar kwamitin ɗa'a, ka kuma yi wa iyayen yaro bayani da Hausa ko Zabarmanci kafin ka ɗebi ko ɗigo ɗaya.

Ka nemi abokin aiki da malami mai dubawa, ko a tsangayarku, ko a cibiyar bincike ta CERMES, ko a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa. Bayan Miller ya koma Ostireliya a 1966, ya kama aiki a cibiyar Walter da Eliza Hall ta Melbourne, kuma tare da ɗalibinsa Graham Mitchell ne suka nuna cewa limfosit iri biyu ne, waɗanda yau ake kira T da B, kuma na T suna taimaka wa na B wajen haɗa makaman kare jiki. A kan wannan rabe-rabe ne likitoci ke bambance wasu nau'o'in sankarar jini a yau, kuma da ƙwayoyin T ɗin mara lafiya ake haɗa maganin CAR-T, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 domin yara masu wani nau'in wannan cuta. A 2019 aka ba Miller da Max Cooper, wani masanin garkuwar jiki ɗan Amurka, lambar yabo ta Lasker.

Tunda takardun wannan fanni galibi da Ingilishi ake buga su, karatunmu kuma da Faransanci muke yi, ka ware lokaci kowane mako ka karanta guda ɗaya da ƙamus a gefenka. Ka fara da ta 1961 ɗin nan, gajeriya ce, ka lura da yadda ya jera abin da ya yi, da abin da ya gani, kafin ya faɗi abin da yake zato.