Babi Na Bakwai: Idan Caji Ya Yi Yawa Kuma Mota Tana Jan Kik In Ta Ɗau Zafi

Wannan darasin na masu tsohuwar a-kori-kura ne, da direbobinsu, da yaran mota masu son su san abin da ke ƙarƙashin bonet. Ina nufin irin su Fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun da aka buɗe kamfanin a 1975, da tsofaffin Hilux masu kafireta, waɗanda har gobe su ke ɗauko mana buhunan masara da tumatir ranar kasuwa. Motoci ne masu haƙuri, amma wayarinsu ya tsufa, hannuwa da yawa sun taɓa shi, wannan ya yanke wancan ya ɗaure da leda.

Ga yadda matsalar take zuwa. Da asuba ka murɗa makulli mota ta tashi bugu ɗaya. Ka yi tafiyar awa guda, ka tsaya shan mai ko sallah, ka dawo ka murɗa sai ka ji kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, yana ja da ƙyar, wuu... wuu... kamar batir ya mutu, dole sai an nemo masu turi, amma in ka bar ta ta huce kamar rabin awa sai ta tashi lafiya lau. Can kuma ka lura ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, ruwan batir yana ƙafewa duk bayan 'yan kwanaki, wani lokacin ma ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai in ka ɗaga bonet. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin ciwo biyu daban, su sayi batir yau, gobe altaneta mai yi wa batir caji, jibi kik, kuɗi ya tafi matsala tana nan. Dan Allah kar ka sayi komai sai ka auna. Sau tari tushen abin ɗaya ne, kuma ƙaramar mita ce za ta nuna maka shi.

Karatun mita

Mitar awon wuta ana samunta wajen masu sayar da kayan lantarki. Ka juya makunninta zuwa inda aka rubuta harafin V mai miƙaƙƙen layi a gefe, ka tsayar a kan 20. Jar waya a kan batir mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −. Lambar da za ta fito tana da ɗigo a tsakiya, kuma ɗigon nan shi ne karatun. 12.6 ana karanta ta sha biyu da ɗigo shida. Ku rubuta ta a littafinku sau uku, sannan 14.2, sannan 15.5, ku karanta wa juna da ƙarfi.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), in ka haɗa ka samu 12.6, wato cikakken caji kenan idan mota ta kwana a kashe. In ka ga 12.2 to rabi ya rage. In ka ga wajen 10.5 kuma an yi caji bai tashi ba, ɗaki ɗaya ya mutu, wannan batirin ya gama aiki. Manyan motoci masu batir biyu a jere, masu bolt 24, sai a ninka waɗannan lambobin.

Yanzu ta da mota, ka sa yaro ya ɗan taka totur kaɗan sama da silo. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8 da 14.5. In inji ya yi zafi lambar takan ɗan sauko, wannan ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Amma in ka ga 15 ta wuce, ko kana taka totur lamba tana bin ka tana hawa 15.5, 16, har sama, toh wannan shi ne obacaji.

Me ke kawo shi

Altaneta shi dai bai san ya isa ba. Akwai wani ƙaramin abu da ake kira regileta, shi ke duba ƙarfin wutar ya ce ƙara ko rage. A motocin da suka fi tsufa yana waje, ɗan akwati ne da aka ɗaure a jikin bodi, wasu na ce masa kotawut, a na baya-baya kuma yana cikin altanetan. Idan regileta ya lalace wuta za ta yi ta kwarara cikin batir, kamar tukunyar da aka cika wa itace aka manta da ita, ruwan ya tafasa ya ƙafe, farantan ciki su fito fili su lalace, jikin batir ya kumbura ya yi zafi.

Amma a nan nake so ku tsaya ku fahimta sosai, domin a nan ake asarar kuɗi. Regileta zai iya zama lafiyarsa ƙalau kuma ya yi obacaji, saboda ƙarya ake masa. Shi abin da ya gani yake aiki da shi. In wayar da ke kawo masa labarin batir ta yi tsatsa, ko soket ɗin ya saki, ko jikinsa bai kama bodi da kyau ba wato as ɗinsa ya yi rauni, sai ya ga kamar wuta 13 ce alhali a kan batir ta kai 15, sai ya yi ta ƙara wa. Ka sa sabon regileta a kan wannan tsohuwar wayar, shi ma haka zai yi. A altanetan Toyota da yawa za ka ga haruffa a wajen soket, IG da S da L, to mai S ɗin ita ce mai kawo labari. Ka auna wutar da ke kanta mota na aiki, ka auna ta kan batir, ya kamata su zo kusan ɗaya. In akwai tazara kamar rabin bolt ko fiye, bi wayar nan har fis ɗinta, ka kankare duk inda ya yi kore ko fari da samfefa, ka ɗaure tam. In regileta na waje ne, kwance shi ka goge inda yake zama a bodi har ƙarfe ya yi haske. Sai ka sake awo. In lamba ta dawo 14 da 'yan kai, shikenan ka tsira da kuɗinka. In ba ta dawo ba, yanzu kam kana da hujjar kai wa mai wayarin ya canja regileta.

Akwai wata al'ada a garejinmu da nake roƙo a bari, cire kan batir mota tana aiki wai a ga ko altaneta na caji. Batir shi ke danne wutar, da ka cire shi wuta na iya tsalle ta ƙona dayod na cikin altaneta, ta ƙona ƙwan fitila da rediyo, in mota mai birenbos ce, wato kwamfutar mota, har shi. Mita ta isa ta ba ka wannan amsar ba tare da ɓarna ba.

Batirin da ke tafasa kuma yana fitar da iska mai kama wuta. Ba taba, ba ashana, ba gwada waya a ga ko za ta yi tartsatsi a kusa da shi. In za ka cire, fara da mai alamar −, in za ka mayar ita ce ta ƙarshe. In ruwa ya ragu, distil wata ake ƙarawa har ya rufe faranti ya kai layin sama, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, domin ruwa ne ya tafi asid ɗin yana nan. In ya fallatsa a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti.

Jan kik da zafi

Da farko ka saurara da kunnenka. In inji yana juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, wannan maganar mai ce, fetur ya yi zafi a kafireta ko ya cika ta, ba darasin yau ba ne. Namu shi ne wanda juyawar kanta take da nauyi.

Sanyi ne ke rage wa batir ƙarfi, ba zafi ba, don haka motar da ta tashi da asuba lokacin hunturu ta kasa da rana, ba batir ne farkon wanda ake tuhuma ba, ko da yake batirin da obacaji ya dafa ba shi da sauran abin da zai ba da in aiki ya yi nauyi. Abin da ke faruwa shi ne da ka kashe mota fanka ta tsaya, iska ta daina shiga, zafin inji da na salansa ya taru a kan kik, ga rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke wuce digiri 40. Wayar tagulla in ta yi zafi wuta na wahalar bi ta cikinta, kowane digiri 10 na ƙara wahalar da kusan kashi 4 cikin 100. In bushin ɗin kik ya cinye, abin da ke juyawa a ciki ya buɗe da zafi ya fara gogar jiki, in buroshi ya gajarce shi ma ya ƙara nasa, kik ya riƙa neman wuta mai yawa yana ba da aiki kaɗan.

Awon nan sai mota na da zafi, lokacin da take yin abin, in ta huce ba za ka ga komai ba. Giya a firi, a ja birkin hannu. Mita a kan batir, yaro ya murɗa. Kada lamba ta faɗi ƙasa da 9.6. In ta faɗi, ara lafiyayyen batir ka sake, in shi ma ya faɗi to kik ne ke shan wuta. In kuwa lamba ta tsaya a 11 amma kik na ja da ƙyar, wutar tana nan, hanya ce ta toshe.

Ga gwajin da na fi so don ba ya cin ko sisi. Ɗauki wayar jampa mai kauri, baki ɗaya a kan − na batir, ɗaya bakin a jikin inji inda ƙarfe yake tsirara. Murɗa. In ta tashi da ƙarfi, wayar as ce, wato wadda ke haɗa − na batir da jikin inji da bodi. Je ka duba ta, sau da yawa za ka tarar da ita a ƙasa mai da ƙura sun lulluɓe ta, rabin silin ya tsinke, ko ka yanka robar ka ga ciki ya zama kore kamar gansakuka, ko ma an taɓa sauke inji aka manta ba a mayar da ita ba. Wannan waya ɗaya tana iya hana kik wuta kuma ta rikita regileta, ka ga ciwo biyu daga wuri ɗaya. Da mita ma ana gani, jar waya a kan + na batir, baƙa a kan babban notin kik, a murɗa, kada ta wuce 0.5. Haka ma tsakanin jikin kik da − na batir, kada ta wuce 0.3. Bayan an murɗa ka taɓa kawunan batir a hankali, wanda ya yi zafi to a nan wuta ke maƙalewa. In za ka canja waya, sa mai kauri kamar ta asali ko fiye.

Saura taimin, ga masu fetur. In an juya distiributa ya yi gaba da yawa, filogi na kunna wuta fistin bai gama hawa ba sai ya tura shi baya, za ka ji kik ya juya ya tsaya cak ya sake juyawa. Cire ƙaramar wayar da ke kai wuta koyil ka murɗa, in ya juya sumul to ba ruwan kik, a je a saita taimin. In kuma mota na obahitin ne, fara da lagireto, injin da ya yi zafi fiye da kima yana matsewa.

Zuba wa kik ruwa ko ƙwanƙwasa shi da sifana na iya fitar da kai daga daji sau ɗaya, kuma ya nuna maka inda ciwon yake, amma ba gyara ba ne, wasu kik ɗin ma akwai maganaɗisu a ciki da ke fashewa in an buga. A kwance shi a sa bushin da buroshi, a duba solonoyid, in da can akwai farantin da ke kare shi daga zafin salansa a mayar. Kuma kar ka riƙe makulli fiye da sakan 10 zuwa 15, ka ba shi hutu kafin ka sake.

Aikin gida

Ku haɗu biyu-biyu ku nemi mota ɗaya da izinin mai ita. Ku ja layi uku a littafi, ku rubuta "a kashe", "ana murɗawa", "tana aiki", ku auna da safe ku rubuta lambobin, ku sake bayan ta yi tafiya. Ga kuma tambaya ta aji mai zuwa: wata a-kori-kura ta nuna 12.5 a kashe, 11.0 ana murɗawa amma kik na ja da ƙyar, 15.6 tana aiki. Wace waya za ku fara dubawa, kuma da wane gwaji?