Yadda za a shirya yaro mai jinkirin magana da fahimta kafin shiga nazare

A fara da kunne. Wani yaron da ake cewa nauyin baki gare shi, ji ne ba ya yi sosai, musamman idan kunnensa ya daɗe yana ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau, ko shawara mai tsanani yana jariri. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti a gwada jinsa. Zaman jiran "ai babansa ma bai yi baki da wuri ba" lokaci mai tsada yake cinyewa.

Tunda a Satumba ake shiga sabon aji, a soma tun Yuni. Haddar ABCD ta jira tukuna. Abin da ke kayar da yaro a aji shi ne bayan gida, jira, da rashin hanyar faɗin buƙatarsa.

A riƙa kai shi banɗaki duk bayan awa 2, da wando mai roba wanda zai iya saukewa da kansa. Maɓalli da zif su ke sa ya jiƙe kafin ya kwance. Idan kalma ba ta fita, a yi masa katuna 4 masu hoto: ruwa, banɗaki, abinci, ciwo. Ya nuna, a faɗi sunan, a ba shi nan take. Umarni ɗaya a lokaci guda, "ɗauko takalminka", sannan a yi shiru daƙiƙa 10. Iyaye sun fi kuskure a nan: maimaitawa da sauri tana rikita shi, sai a ce taurin kai ne.

Zaman tabarma, wato koya masa zama wuri ɗaya kamar a aji, a fara da minti 3, a ƙara kaɗan-kaɗan har 10. Ya riƙa sa kayan makarantar a gida, don sabon yadi na damun wasu yaran.

Ku je makarantar sau 2 ko 3 ba kowa, ya ga ajinsa da banɗakin. A rubuta wa malamarsa shafi ɗaya: abin da yake iyawa, abin da ke firgita shi, abin da ke kwantar masa da hankali. A Najeriya, dokar hana wariyar masu buƙata ta musamman ta 2018 ta ba shi haƙƙin karatu, don haka ku nemi rabin yini a makonnin farko ba tare da jin nauyi ba.

Ranar farko kada a sulale. A ce masa, "Zan dawo bayan tara," a tafi, a kuma dawo a kan lokacin.