Shawara ga sabon shiga fatsa

'Yan uwa, wanda zai fara fatsa kada ya yi gaggawar zuba kuɗinsa a kifin roba masu ƙyalli ɗin nan da ake ɗaura wa ƙugiya don yaudarar kifi. Fara tambayar masuntan wurin wane kifi ne a ruwan.

Tarwaɗa da ƙanshi take neman abinci, ba da ido ba, shi ya sa tana ko hanjin kaza suka fi mata kowace roba. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da guntun tana.

Koto na roba ko na ƙarfe aikin giwan ruwa da tsage ne, masu farautar ƙananan kifaye, irin na tafkin Kainji. Guda biyu sun ishe ka: cokali (koton ƙarfe mai siffar cokali da ƙugiya a jikinsa) mai launin azurfa idan ruwa ya yi garau da rani, da mai ruwan ɗorawa ko ja idan damina ta dama shi. Riƙa ja a hankali kana ɗan tsayawa, kamar kifin da ya ji rauni. Ni da sassafe na fi samu.

Don Allah, in tsage kake nema, ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da koto, domin haƙoransa tsinke zare suke yi nan take.