Kurakuran da masu shirin jarrabawar LSAT suka fi yi a sashen tantance hujja

Tun watan Agustan 2024 aka sauya fasalin LSAT, jarrabawar da yawancin makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi karatun JD, wato digirin farko na aikin lauya a can. Hukumar LSAC da ke shirya ta ta cire sashen nan na wasan dabara, wanda ake zana jadawali ana jera mutane a kujeru. Yanzu sassa uku ne ke da maki: biyu na tantance hujja, ɗaya na karatu da fahimta. Akwai na huɗu na gwaji da ba ya shiga lissafi, kuma ba za a gaya maka wanne ne ba. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na makinka, wanda ke kamawa daga 120 zuwa 180, ya rataya ne a wuyan gajerun hujjojin nan masu layi huɗu ko biyar. Kowane sashe minti 35 ne, tambayoyi wajen 25, kowace da zaɓi biyar.

Kafin a je ko'ina: wanda ya riga ya yi digirin lauya a Kano ko Zariya, yana neman LLM ne kawai, wato digiri na biyu a fannin lauya, galibi ba a neman LSAT daga gare shi. Ya duba sharuɗɗan makarantar kafin ya zuba dalolinsa.

Babban abin da ke kayar da mutane, musamman masu yawan karatu, shi ne su tsaya auna ko maganar gaskiya ce. Mai jarrabawa bai tambaye ka haka ba. Ya ba ka dalilai, ya ce ka karɓe su yadda suke, sannan ka duba ko sun isa su ɗauki nauyin hukuncin da aka ɗora musu. A ce an rubuta: "An ƙara fitilun titi a wata unguwa bara, sata ta ragu bana, saboda haka fitilun ne suka rage satar." Ɗalibi zai karanta, ya tuna ai haske na korar ɓarawo, ya gyaɗa kai ya wuce. Wani kuma zai ce a ransa ai alƙaluman 'yan sanda ba abin yarda ba ne. Dukansu sun bar inda gizo ke saƙa. An ƙara fitilu, ka yarda. Sata ta ragu, ka yarda. Aikinka yana kan ɗan ramin da ke tsakanin waɗannan biyun da kalmar "saboda haka". Duk abin da ka sani game da 'yan sanda ko wutar lantarki, ajiye shi a bakin ƙofa.

Daga nan sai rashin gano hukuncin kansa. Da yawa sun ɗauka jimlar ƙarshe ce, alhali masu tsara tambayoyin kan sa shi a farko ko su cusa shi a tsakiya. Sukan kuma buɗe da ra'ayin wasu, "wasu masana na ganin kaza", sai marubucin ya ce sun yi kuskure, sauran layukan duk dalilansa ne. Hukuncin a nan shi ne "sun yi kuskure", ɗan guntun da ido ke tsallakewa. Idan jimloli biyu suka rikita ka, haɗa su da "domin" ta fuska biyu ka saurara. "Bai kamata a gina gadar ba domin kuɗin ba zai isa ba" ta zauna. "Kuɗin ba zai isa ba domin bai kamata a gina gadar ba" ba ta zauna ba. Wadda ta zo kafin "domin" a jimlar da ta zauna, ita ce hukunci.

Inda aka fi zubar da maki, a ganina, shi ne wajen sharaɗi, kuma abin takaici ne ga wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu, domin ya san ƙa'idar tun yana yaro. Alwala sharaɗi ce ta sallah. In babu ita babu sallah, amma samuwarta ba ta nuna an yi sallar. Mutum na iya yin alwala ya kwanta barci. To jimlar "duk wanda sallarsa ta inganta yana da tsarki" abu ɗaya tak take ba ka damar cirowa: wanda ba shi da tsarki, sallarsa ba ta inganta ba. Ka juya ta, ka kuma kore ɓangarorin biyu. Idan ka juya kawai, ka ce "duk mai tsarki sallarsa ta inganta", ka yi kuskure. Haka idan aka ce maka duk wanda ya ci jarrabawa ya biya kuɗin rajista, ka kore kawai ka ce "wanda bai ci ba bai biya ba", ka sake faɗawa. LSAT na ajiye waɗannan kurakurai biyu a cikin zaɓin amsa kusan kullum, an yi musu ado da kalmomin da ke cikin tambayar, don su yi kama da abin da ka karanta yanzun nan.

Turanci na ƙara dagula wurin. "If" na gabatar da abin da ya wadatar, "only if" na gabatar da abin da ya zama dole, ga su kamar tagwaye amma in ka zana kibiya daga abin da ya wadatar zuwa abin da ya zama dole, kibiyarsu na kallon gabas da yamma. "Unless" kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka karanta ta da ma'anar "in ba". Gyaran nan ba ya samuwa da karatun ido. Sai ka ɗauki takarda ka riƙa rubuta jimlolin da kibiya, ka juya ka kore, har hannu ya saba ya daina jiran kai.

Koma kan fitilun nan. Duk inda aka ce abu kaza ne ya jawo kaza don sun zo tare, tambayoyi uku ke buɗe shi. Ko akwai wani abu na uku, kamar 'yan sintiri da aka ɗauka a shekarar? Ko abin a juye yake, wato sai da unguwar ta lafa sannan hukuma ta yarda ta kafa fitilun? Ko kuwa dacewa ce, sata ta ragu a duk garin har inda babu fitila? Amsar da ke raunana hujjar tana kawo ɗaya daga cikin ukun, wadda ke ƙarfafa ta tana toshe ɗaya. Ƙanwar wannan ita ce cuɗa kaso da adadi. Kason masu faɗuwa na iya sauka daga 20 cikin 100 zuwa 10, amma in masu zama sun tashi daga 100 zuwa 500, waɗanda suka faɗi sun tashi daga 20 zuwa 50.

Akwai shawarar da ke yawo cewa a guji duk amsa mai kalma mai ƙarfi irin "duka" ko "har abada". Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari yana da tsada. A tambayar da ke neman abin da dole ya zama gaskiya bisa bayanin, ko zaton da hujja ba ta tsayuwa sai da shi, amsa mai laushi ta fi yawan dacewa, domin ba ta wuce gona da iri ba. Amma idan aka ce wane zato ne, in ya tabbata, zai sa hukuncin ya tabbata gaba ɗaya, amsa mai ƙarfi ake so. Mai laushi ba za ta cike ramin ba. Waɗannan nau'o'i biyu na zato ɗalibai kan zuba su a kwando ɗaya. Ga na dole akwai gwaji mai kyau: kore amsar, ka ga ko hujjar ta rushe. In ta ci gaba da tsayuwa, ba ita ba ce. Ka kuma riƙe cewa "some" a wannan jarrabawa na nufin aƙalla ɗaya, yana iya kaiwa duka, "most" kuma fiye da rabi ne ko da da mutum ɗaya.

Sai kurakuran gaggawa, waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Kalmar "EXCEPT", wato "ban da", wadda ke juya tambaya ta koma neman zaɓin da bai dace ba, da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, duk da haka ana mance ta kafin a kai zaɓi na uku. Minti 35 a kan tambaya 25 bai kai minti ɗaya da rabi ga kowace ba, kuma mai wuya da mai sauƙi maki ɗaya suke bayarwa, don haka wanda ya kafe minti biyar a kan guda ya sayar da uku. Tambayoyin farko sun fi zuwa da sauƙi, a nan ake tara lokacin da za a kashe a gaba. Ba a rage maki don amsa ta kuskure, saboda haka barin gurbi asara ce tsagwaronta.

Yadda ake atisaye ma yana da nasa ciwon. Za ka ga mutum yana zauna cikakkiyar jarrabawa kullum, ya duba maki, ya yi tsaki ko murmushi, gobe ya buɗe wata. Wata uku a haka makin bai motsa ba, ga tsofaffin tambayoyin gaske da ke dandalin LawHub na hukumar sun kusa ƙare masa. Abin da ya fi: bayan ka gama sashe da agogo, kada ka duba amsa tukuna. Koma kan waɗanda ka yi shakka, ba agogo, ka sake zaɓa. Wadda ka gyara da kanka matsalar lokaci ce. Wadda ka sake faɗi, fahimta ce ba ta zauna ba, kuma ita ta cancanci shafi a littafin da za ka ware don rubuta kurakuranka: mene ne hukuncin, ina ramin, me ya ja ka zuwa amsar banza, wace kalma ce ta kashe ta. Wadda ka faɗi alhali ko shakka ba ka yi ba ta fi su duka haɗari, ka ja mata layi biyu. Bayan mako biyu ko uku, in ka karanta littafin daga farko, yawanci za ka tarar kuskure iri biyu ne ko uku ke ta dawowa cikin riguna daban-daban.

In littafin shirinka an buga shi kafin 2024, babin tantance hujja na nan da amfaninsa, na wasan dabara ne za ka tsallake. Kada kuma ka yi rajistar jarrabawar gaske don ka "gwada ka gani". Hukumar ta iyakance zama sau biyar cikin shekarun da maki ke aiki, sau bakwai a tsawon rayuwa, kuma makarantu na ganin makin da ke cikin fayil ɗinka. Ka jira sai makin atisayenka na ƙarshe-ƙarshe, wanda ka yi da agogo ba tare da tsayawa ba, ya kai abin da makarantar da kake so ta saba ɗauka.